Gwangwani shida da na nuna wa Alhaji

Shagona yana Aboabo nan Kumasi, aikin sola da inbata muke yi ni da yara biyu, tun zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan na 2015, da kowa ya rikice da neman batir har aka riƙa yi mana layi a bakin ƙofa. To satin da ya wuce sai ga wani Alhaji, tsohon kwastomana ne, ya shigo da waya a hannu yana huci, wai ya ga bidiyon wani abu supakafasita mai ajiye wuta kamar batir, cikin minti ɗaya ta cika kuma ba ta mutuwa, don me za mu riƙa ɗora masa batirin da ke mutuwa duk bayan shekara biyu.

Na ce Alhaji zauna a kawo shayi. Dama ina da guda shida a durowa, na samo su a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyara, da jimawa, kowace kamar gwangwanin lemo, farad 3000, bolt 2.7, nauyinta wajen rabin kilo. Na ce ranka ya daɗe, wutar da ɗaya ke riƙewa watt-awa 3 ne kacal, batirin wayar nan da ke hannunka ma ya kai 15, kenan sai gwangwani biyar kafin su kamo wayarka. Na gidanka kuwa mai 200Ah yana ɗauke da watt-awa 2400, sai an tara gwangwani wajen 800, kilo 400 kenan, ko aboboyaa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, sai ta yi nishi kafin ta kai maka su gida, ban ma yi zancen kuɗin ba.

Bai yarda ba, sai na sa yaro ya jera shidan muka yi caji, wallahi nan da nan suka cika, Alhaji har ya fara murmushi. Muka jona fanka. Ko shayin ba mu gama ba ta fara kasala, mita na ta gangarawa ƙasa a gaban idonsa. Haka halinta yake, batir yana riƙe ƙarfinsa sai kusan ƙarshe, ita kuwa tana bayarwa tana sauka, in bolt ya dawo rabi to kashi uku cikin huɗu na wutar ya riga ya tafi, inbata kuma tuni ta yi kuka ta ɗauke. Ka ajiye ta ma ba ka taɓa ba, da kanta take tsiyayewa.

Amma fa ba na raina ta. Wurin tada injin babbar mota da sanyin safiya, inda ake son wuta mai yawa cikin daƙiƙa biyu, nan ne gidanta, kuma za ta yi caji sau dubu ɗari biyar tana nan daram. A Shanghai akwai bas masu amfani da ita tun 2006, sai dai a tasha-tasha suke tsayawa su ɗan sha wuta. Tesla ma ta sayi kamfanin Maxwell mai ƙera su a 2019, motocinta dai har yau lithium ke jan su.

Alhaji ya juya gwangwani ɗaya a hannu, ya ce to nawa za ka bar min na lithium ɗin, kuma kar ka yi min farashin shagunan Adum na tsakiyar gari.