Mun iso gida, Mama na gaishe ku

Jiya da daddare muka shigo Jos. Mama ta sha kunu, ta yi barci har hantsi, ni kuwa ƙafafuna har yanzu a kumbure suke. Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya kai mu ziyarar ƙasa mai tsarki ya kuma dawo da mu.

Kun san yadda Mama ta suma a Cocin Haihuwar Yesu da ke Baitalami, ba sai na maimaita ba. Abin da ba zai bar zuciyata ba shi ne matakalar nan da ke sauka zuwa kogon haihuwar Yesu. Mun yi kusan awa biyu a layi. Mun riga mun shigo ta ƙaramar ƙofar nan da kowa sai ya sunkuya, Mama tana shafa ginshiƙan dutse tana tambayata ko gaskiya ne tun shekara ta 339 ake sujada a wurin. Na ce mata haka ne, ginin da muke ciki ma tun ƙarni na 6 yake tsaye, zamanin Sarki Justiniyan. Saura taku kaɗan mu ga tauraron azurfa mai tsini 14, sai na ji hannunta ya saki nawa. Wurin matsattse, ga zafin kyandir, ga turare, ga mutane a baya suna turowa. Na kira ta sau uku, ba ta amsa ba.

Wata mata 'yar Habasha mai farin mayafi ce ta durƙusa, ta jiƙa gefen mayafinta da ruwan gorarta, ta ɗora kan Mama a cinyarta tana shafa mata goshi. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Sunan Yesu kaɗai muke ji a bakin juna. Ban san sunanki ba, 'yar'uwa. Ubangiji ya san shi, ya saka miki, ya tsare 'ya'yanki, kada ya bar ki ki faɗi a inda babu mai ɗaga ki.

Maman 'yan biyu ta zumuntar mata, kin ce kada in ambace ki, ki gafarce ni. Kin bar tafiyar Galili da Kafarnahum da kika yi shekaru kina tara wa kuɗi, kika kwana biyu a kujerar asibiti tare da ni. Baba Fasto, na gode da addu'ar tsakar dare ta waya. Samarin ƙungiyarmu biyu da suka ɗauki Mama cak suka hau da ita Golgota, inda aka gicciye Yesu, a Cocin Kabari Mai Tsarki na Urushalima, Allah ya ba ku masu yi muku haka a tsufanku. Da aka gaya mata cewa iyalan Musulmi biyu ne ke kula da makulli da buɗe ƙofar cocin tun ɗaruruwan shekaru, sai ta tuna da maƙwabciyarmu Hajiya, wadda muka bar wa makullin gida da ciyar da kaji. Hajiya, Allah ya bar zumunci.

Akwai 'yan'uwa na jini da ban ji muryarsu ba a kwanakin nan biyu, amma saƙon tsarabar man zaitun da ruwan Urdun ya iso. Na kawo, yana nan.

Masu son zuwa gaisuwa, don Allah a bari sai bayan sujada ranar Lahadi, likita ya ce ta huta.