Ranar da Na Ba Miji Dukiyar Matarsa

Yanzu da nake ɗaure kayana zan bar Honolulu, babban birnin tsibiran Hawai na Amurka, bayan shekara biyu ina karatun digiri na biyu a fannin tarihin ilimi, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na gabatar da maƙala a kan Makarantun Kamehameha, inda 'ya'yan 'yan asalin Hawai ke karatu, na tafka kuskuren da har yau idan na tuna shi sai kunya ta rufe ni.

A cikin maƙalar na rubuta cewa dukiyar Charles Reed Bishop, Ba'amurken da ya kafa banki a Honolulu a 1858, ita ce ta gina makarantar, matarsa Gimbiya Bernice Pauahi kuwa karramawa kawai aka yi mata. Ban karanta haka a ko'ina ba. Sunan Bishop na gani a jikin gidan tarihi da allon titi, na ji an ce mai banki ne, sai na yanke hukunci, domin a can ƙasan zuciyata na riga na ɗauka cewa duk makarantar da ke da tarin dukiya a ƙasar da baƙi suka mamaye, daga hannun baƙo arzikinta ya fito.

Da na gama, wata dattijuwa da ke zaune a layin baya, tsohuwar ɗalibar makarantar, ta miƙe tana dafe da kujerar gabanta, ta tambaye ni cikin sanyin murya ko na karanta wasiyyar Pauahi. Na ce ban karanta ba. Sai ta warware mini zancen a gaban kowa. Pauahi tattaɓa-kunnen Sarki Kamehameha na Ɗaya ce, wanda tsibiran Hawai suka haɗu ƙarƙashin mulkinsa a 1810, kuma a 1872 an yi mata tayin sarauta ta ƙi karɓa. Filayen da ta bari, kimanin eka 375,000, wato kusan kashi 9 cikin 100 na ƙasar Hawai, gadon gidan sarauta ne, mafi yawansu kuma daga 'yar uwarta Gimbiya Ruth Keʻelikōlani ta gaje su a 1883. A shekarar ta rubuta wasiyya cewa a damƙa su ga amintattu biyar, a gina makarantu biyu, ta maza da ta mata, a sa musu sunan kakanta. Ta rasu a 1884 ba ta bar ɗa ba, aka buɗe ta maza a 1887, ta mata kuma a 1894. Mijinta ya taimaka ƙwarai, yana cikin amintattun, shi ne ma ya kafa gidan tarihin a 1889 domin tunawa da ita, amma ƙasar tata ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni da na taso na san wakafi, na san mutum ya tsayar da gona ko gida domin makaranta, na kasa gane shi da na gan shi a wata ƙasa. Mace ce ta ga jama'arta suna ƙarewa saboda cututtukan da jiragen ruwa suka kawo, ta mayar da gadonta gadon 'ya'yansu, ni kuma na ɗauke shi da alƙalamina na miƙa wa mijinta.

Laifin nawa ne, ban taɓa musun haka ba. Sai dai malamin da ke duba aikina ya karanta maƙalar har sau biyu kafin ranar, bai gyara komai ba sai waƙafi da tsarin manazarta, amma da dattijuwar ta zauna, ya juyo ya gaya wa mahalarta cewa tuni ya ja mini kunne a kan wannan magana. Wallahi bai taɓa yi ba, kuma takardun da ya yi wa jan biro suna nan a wurina. Na yi shiru saboda sa hannunsa nake bukata, shirun nan kuwa har yanzu bai daina damuna ba. Duk ɗalibin da zai zo bayana, ya riƙa adana kowane gyara da malaminsa ya yi masa, kuma ya fara da takardar asali kafin ya saurari abin da zuciyarsa ta raya masa.

Wata huɗu na yi ina sake rubuta maƙalar, wannan karon da wasiyyar a buɗe a gabana, ban kuma nemi shawarar malamin ba sai da na kammala. Na kai wa dattijuwar kwafi da hannuna. Ta sa tabarau ta karanta shafukan farko a tsanake, sannan ta ɗauki fensir ta mayar da ƙaramar alamar da na tsallake a sunan Keʻelikōlani, irin tsallakewar da ake yi wa ƙugiyar haruffanmu, ta miƙo mini ta ce sauran ya yi daidai. Wannan kwafin ne na sa a saman akwatina.