Abin da ya sa na karɓi kujera a lajnar unguwarmu

Duk wanda ya zauna a Kassala ta gabashin Sudan ya san kogin Gash ba kamar sauran koguna yake ba. Mafi yawan shekara yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki masu karo, wato keken jaki, na tsallakawa, sai kharif, wato damina, ya kama wajen watan 7 ruwa ya gangaro daga duwatsun Iritiriya ja wur da laka, ya yi ta gudu har watan 9 sannan ya ɗauke ƙafa. Lakar nan da yake kwasowa a ƙasan kogin take kwanciya, kowace shekara ƙasan na ƙara tasowa, shi ya sa shingen ƙasa da akai gefe da gefe kullum sai an ƙara masa. A 2003 ruwan ya fasa ya shigo gari ya rushe gidaje masu yawa, a 2007 ya sake. Kuma dai wannan Gash ɗin shi ne ruwan shanmu, domin rijiyoyin da garin ke sha da waɗanda ke shayar da gonakin sawagi, lambunan bakin kogi, duk daga ruwan da yake bari a ƙarƙashin yashi suke ja. Toh garin da yake zaune haka, maganar ina za a yi gini ina za a bar wa ruwa hanya ba maganar injiniyoyi kaɗai ba ce.

Ni malamin makaranta ne, ban karanta tsarin birni ba. Amma da aka nemi waɗanda za su riƙe ɓangaren tsarin unguwa da tsaftar muhalli a lajnarmu, wato kwamitin unguwa, na ɗaga hannu, kuma abokaina da yawa sun ce min ustaz me ya kai ka, aikin da ba ko sisi sai zagi. Gaskiya ne ba ko sisi. Kuma na san dalilin da ya sa mutanenmu ke gudun irin wannan kujera, zamanin mulkin Bashir lajna sha'abiyya, kwamitin unguwa na lokacin, a idon jama'a kunnen gwamnati ce, wajen da ake zuwa karɓar takardar shaidar zama a unguwa kawai, mutumin kirki bai son a gan shi ciki. A 2019 aka rushe su aka kawo lajnonin sauyi da hidimomi, amma tsoron bai bar zukatan dattawanmu ba. Har yanzu akwai mai ce maka mu baƙi ne mu yi shiru mu ci abincinmu. Wannan magana tana ƙona min rai wallahi. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji tun ba a san mota ba, wasu sun taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, su suka yi noman auduga a Jazira da nan ƙasar Gash, an binne iyayenmu a nan an haife mu a nan. Wane baƙunci kuma ya rage?

Abin da na gane bayan na shiga shi ne takarda tana da ƙarfi fiye da yadda muke ɗauka. Tun dokar 1970 duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, kuma akwai dokar 1994 ta tsarin birane da rabon filaye wadda da ita ake aiki in za a tsara unguwa. Ma'ana mutum zai iya shekara arba'in a gida, ya haifi ƴaƴa ya aurar a ciki, amma in ba shi da shahadar bahas, takardar shaidar mallakar fili, a hannu to a idon doka zaman nasa rataye yake. Ranar da masu awo suka zo za su fitar da titi su yanka filaye, wa suke tambaya wane ne yake zaune a nan tun yaushe? Lajna suke tambaya. Jerin sunayen da lajna ta miƙa shi ake dubawa. In babu wanda ya san ka a teburin nan, ba sai an yi maka mugunta ba ma, mantawa kawai za a yi da kai, kuma tsohuwar da mijinta ya rasu ba ta iya Larabcin ofis ba ita ce farkon wadda za a manta.

Amma yawancin aikin ba ma na takarda ba ne, na shebur ne. Kafin kharif sai an yashe masraf, magudanar ruwan da ta ratsa unguwa, domin duk rani leda da tokar murhu da tsummokara sun cika ta dam. Mukan kira nafir ranar Juma'a da sassafe, aikin gayya dai irin wanda muka gada, samari da shebur masu karo su kwashe, mata su kawo jabana, wato gahawa, da shayi. Wannan ba wuya. Mai wuyar ita ce katanga.

Akwai wani dattijo a layinmu, mutum mai daraja, shi ke raba faɗa in an yi, ya faɗaɗa gidansa don ɗansa zai yi aure sai katangar ta hau kan hanyar da ruwan sama ke bi ya faɗa masraf. Damina ɗaya kawai gidaje huɗu na bayansa suka koma tafki, ɗakin wata baiwar Allah na jalus, ginin laka, ya jiƙe har ya tsage. Kowa ya san dalili, ba mai iya faɗa masa. A zaman lajna wasu suka ce a rubuta a kai hukuma a zo a rushe, ni na ce a'a, mu fara zuwa mu gaishe shi. Muka je bayan la'asar da limaminmu, na durƙusa na ce Baba ka yi haƙuri, ba ni na kawo kaina ba unguwa ce ta aiko ni. Ya dube ni ya ce ɗana, tun ba a haifi ubanka ba nake cikin gidan nan, yau kai ne za ka nuna min iyakata? Na ce Baba iyakarka ba wanda ya isa ya taɓa, ruwa ne muke roƙa wa hanya. Na roƙe shi ya taso mu zaga baya ya ga ɗakin da idonsa. Da ya ga tsagar ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce wa matar Hajiya me ya sa ba ki faɗa min ba, ta ce Baba da wane baki. Ƙarshe wani yaronmu da ya karanta injiniya ya auna wurin, aka fasa ƙasan katangar aka sa bututu babba, Baba da kansa ya biya rabin kuɗin siminti. Da takarda muka kai da watakila an rushe katangar, amma da gidajen nan biyar ba za su ƙara gaisawa ba, kuma gobe in aka kira nafir ba za su fito ba.

Wani abin da har yanzu ba mu daidaita a kai ba shi ne miskit. An shigo da itacen nan Sudan a 1917, daga baya aka yi ta shuka shi don tare yashi, sai ya fi ƙarfin kowa har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi. Saiwarsa na nitsewa ta sha ruwan ƙasa, ƙayarsa na fasa tayar karo, awaki su ci ƴaƴansa su baza irin ko'ina, ya toshe hanyoyin ruwa. Ni ra'ayina a tumɓuke shi daga bakin masraf gaba ɗaya. Sai wata Inna a lajnar ta ce min ustaz, gidaje nawa ka sani da gawayinsa suke ci? Kuma gaskiyarta. Yanzu dai abin da muka tsaya a kai shi ne masu gawayi su sare na bakin ruwa tukuna, su tono har saiwa don in an sare sama kawai tohowa yake.

Matan nan biyu da ke lajnar, in ba su ba da rabin abin da muke yi ba mu san shi ba. Su suka san gidan da ruwa ke kwana, gidan da ake barin barmil, gangar ruwa, a buɗe. Wanda ya ga zazzaɓin kankasha a 2018, yadda mutum ke kwana bai iya miƙe gaɓoɓinsa, ya san sauron da ke kawo ta a ruwa mai tsafta na cikin gida yake haihuwa, cikin randa da barmil da tsohuwar taya. Namiji ba zai shiga tsakar gidan wani ya buɗe randa ba, su kuwa suna shiga.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 garin ya cika da ƴan'uwanmu da suka gudo daga Khartum, daga baya na Madani da Sinnar, makarantu sun zama wurin kwana, gida mai mutum takwas ya koma ashirin. Masai bai ƙaru ba, ruwa bai ƙaru ba. A watan 8 na 2024 aka sanar da kwalara kuma Kassala na cikin wuraren da ta fara kamawa. A irin wannan lokaci mutum zai haƙa ramin masai duk inda ya samu, kuma ba za ka zarge shi ba, amma dole wani ya tsaya ya ce nan ya yi kusa da rijiya a matsa can. Mun sa ɗaya daga cikin waɗanda suka gudo a zamanmu, domin ba daidai ba ne a yi ta yanke hukunci a kan mutane ba su a wurin.

Ku matasanmu na Kassala da Gadarif da Damazin da Bur Sudan, musamman waɗanda suka yi karatu, don Allah in an kira taron zaɓen lajna a unguwarku ku je, in an ce wa zai riƙe ɓangaren filaye da tsafta ku ɗaga hannu. Za ka sha zaman da ba ya ƙarewa, za a yi fushi da kai, wani ma ya ce an ba ka wani abu. Mu namu zaman ranar Alhamis ne bayan isha'i a harabar masallaci. Abin da ke gabanmu yanzu ƙaramar gadar bakin kasuwa ce da ta toshe, muna neman shebur da buhunan da za a cika da ƙasa, da mai karo ko biyu da zai ba mu safiyar Juma'a fisabilillahi.