Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Idan Gado Ya Zo Hannu

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda na fara riƙe wa malamai littafin rabon gado a Aboabo, nan Kumasi. Yau zan jingine labarin kaina, in shimfiɗa muku yadda aikin yake, don da yawa a nan suke tuntuɓe.

Kafin magaji ya ce "nawa", sai an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, sannan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. A bashin nan har da cikon sadakin mata, da kuɗin susu, wato adashi, da mamacin ya ɗauka bai gama zubi ba, da kayan da ya karɓa a kasuwar Kejetia bai biya ba. Abincin sadakar arba'in kuwa, manya su yi daga aljihunsu. Haƙƙin maraya ba na dafa shinkafa ba ne.

Mu ɗauka sidi 160,000 ya rage, iyayen mamacin sun riga shi, ya bar mace ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, sidi 20,000. Sauran 140,000 a kasa shi 7: kowane namiji 40,000, kowace mace 20,000.

Sai hukuma. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai kotu ta ba da takardar izinin kula da dukiyarsa. Kuma dokar gado ta Ghana ta 1985 tana hawa kan wanda ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, rabonta kuwa daban ne da na shari'a. Saboda haka idan iyali sun amince da rabon Musulunci, a rubuta, kowane baligi ya sa hannu gaban shaidu, lauya ya duba. Maganar baka tana mutuwa da masu ita.

Gida shi ne babbar matsala. Yawancin filayen Kumasi na sarautar Asante ne, abin da ke hannunka haya ce ta shekaru, galibi 99. A duba shekara nawa suka rage, a biya kuɗin hayar filin da ya taru, a bincika a Hukumar Filaye ko an taɓa jinginar da gidan, sannan a sauya suna. Abin da na fi ƙi shi ne a ce "a bar shi gidan gado". Rufi zai yi yoyo babu mai gyarawa, mutum ɗaya ya riƙa karɓar kuɗin haya, jikoki su tashi da gaba. Gara a yi wa gidan kuɗi, mai hali ya sayi rabon 'yan uwansa, ko a rubuta ɗakin kowa.

To, ɗan uwa, ga rabonka a hannu. Kada ka binne shi a asusu. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54 cikin 100, wanda ya ajiye tsabar kuɗi ya ga yadda suka narke. Kada kuma ka kai wa mai alkawarin riba mai tsoka kowane wata. A 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da lamuni 347.

Fara da bashin da ke wuyanka, sai kuɗin haya, tunda masu gida kan nemi na shekara 2 a dunƙule, sai na makarantar yara. Abin da ya rage, ware sulusi don rashin lafiya da ko-ta-kwana, sauran ka zuba a sana'ar da hannunka ya sani. Mai sayar da hatsi ya ƙara buhuna, tela ya ƙara keke. Masu sayen pragiya, wato babur mai ƙafa uku na haya, su ba direba ya riƙa biya mako-mako sukan sha wuya, domin direban da bai mallake ta ba tukuna ba ya sauya baƙin mai a kan lokaci, injin ya buga kafin uwar kuɗi ta dawo. In dole sai ita, a yi yarjejeniya a rubuce, da inshora, da mai tsaya masa.

Kuɗin da ya kai nisabi ya shekara a hannunka, zakkarsa kashi 2.5 cikin 100 ce. Rabon ƙananan yara kuwa a buɗe masa asusun banki daban, mutum biyu su riƙa sa hannu, ɗaya daga dangin uwa, ɗaya daga dangin uba. A kan riƙon dukiyar marayu za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.