Ƙunar salansa da kirim ɗin da na yi ta laftawa

Ƙannena ku tsaya ku ji abin da na jawo wa kaina, wallahi har yau tabon na nan a ƙwaurina.

Salansar mashin ce ta ƙona ni a wajen Kantin Kwari, ƙunar ma ba ta kai tafin hannun jariri ba. Kamata ya yi in sakar wa wajen ruwan famfo mai sanyi na kamar minti 20, amma sai na zarce kemis na ce a ba ni kirim mai ƙarfi, ni da bakina na faɗi irin wanda nake so, wannan mai haɗi uku da ƴan mata ke zubawa a man shafawa. A jikin kwalin an rubuta neomycin, ko kallo bai ishe ni ba.

Shi neomycin ɗin maganin bakteriya ne kuma yana da amfaninsa, ƙaramin yanka ko ƙurjin da ya fara ruwa, a wanke a shafa ɗan kaɗan na ƴan kwanaki shi ke nan. Ni kuwa sati 3 ina lafta shi safe da dare. Gefen ciwon ya yi jawur, ƙananan ƙuraje suka feso suna tsatsafar ruwa, ga ƙaiƙayi da ke tada ni tsakar dare, da safe in ga zanin gado ya manne da ƙafar. Na ɗauka ciwon ne ke ci gaba sai na ƙara yawan shafawa!

Yayata ce ta tasa ni gaba zuwa asibitin Malam Aminu Kano. Likitar na dubawa ta ce jikina ne ba ya karɓar neomycin, ba ni kaɗai ba, an san shi da wannan. Kuma akwai sitiroyid, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, a haɗin, shi ke hana ciwo saurin rufewa, yana sirantar da fata ya kawo nankarwa, makero ma ɓoye shi yake ya ƙara yaɗo. Abin da ya fi tsorata ni shi ne in aka shafa neomycin a babbar ƙuna yana iya shiga jini ya taɓa kunne da ƙoda.

Don Allah in ka shafa ka ga ƙaiƙayi da ja na ƙaruwa, tsaya, wanke, je a duba ka. Kar ki sa wa jariri a ƙurajen famfas. Ni yanzu ko maganin ɗiga wa kunne za a ba ni sai na juya kwalin na karanta ko akwai neomycin tukuna.