Buhu shida da na bari a cikin miksa

Wata takwas ke nan da faruwar abin, amma har yau in na ga kiret ɗin ƙwai a teburin mai shayi sai na tsaya na duba launin ɓawonsa.

Ina da ƙaramin injin haɗa abincin kaji a bayan gari, miksa ɗaya ce, irin ta tsaye mai cin rabin tan. Ranar wata Laraba da yamma muna haɗa abincin broila, wanda aka sa wa nikabazin, maganin rigakafin kashin jini. Giram 125 ake sawa a tan guda, ƙa'idarsa ke nan, kuma ban ƙara ban rage ba. Muna cikin ɗurawa a buhu aka ɗauke wuta, janareta kuma yana wajen gyara. Kusan buhu shida na kilo 25 suka rage a ciki.

Da safe wuta ta dawo, ga motar wata Hajiya da ta shekara uku tana sayen abincin kajinta masu ƙwai a wajena tana jira a ƙofa. Yarona ya ce, "Oga, mu fara sauke na jiya?" Na ce masa, "Bar shi, ai duk masara ce da waken suya. Rage masara a lissafin Hajiya, ka zuba a kai." Da bakina na faɗa. Ba mantuwa ba ce, ba kuma laifin yaro ba ne. Sauri nake, ina kuma ganin na yi dabara.

Bayan kwana biyar ta kira ni, muryarta na rawa. "Malam, zo ka ga ƙwaina." Kajinta jajaye ne, ƙwansu launin ƙasa mai kyau, amma abin da na tarar a kiret ya koɗe, wasu fari fat kamar na kajin gida. Ta fasa ɗaya a faranti, gwaiduwar duk dabbare-dabbare kamar an ɗiga mata ruwa. Ƙwan kuma ya ragu. Kajin suna ci suna sha, babu mai tari, babu wadda ta mutu. Ita tana tsoron ko wata annoba ce ta shigo mata, har ta sayi magani za ta zuba a ruwa.

Likitan dabbobin da ta kira dattijo ne. Ya duba kajin, ya juyo ya ce min, "Ɗana, me ka haɗa a injin kafin nata?" Nan take cikina ya ɗuri ruwa. A tsaye ya yi min lissafin: kilo 150 mai magani a cikin kilo 500, wato kajin Hajiya sun ci kusan kashi 30 cikin 100 na awon da ake sa wa broila, na maganin da ba a yarda a ba kaza mai ƙwai ba sam. Ya ce a Turai, abin da doka ta lamunta ya tsallaka zuwa abincin masu ƙwai bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ni na ninka shi sau talatin saboda ƙyashin buhu shida.

Na kwashe sauran abincin, na ba ta sabo kyauta, na biya ƙwan da likita ya ce a binne. Gwaiduwa takan ɗauki kusan kwana goma tana haɗuwa a cikin kaza, don haka ko an canja abinci yau, maganin zai ci gaba da fita a ƙwai kwanaki da yawa. Launin ɓawon ya riga ya dawo, amma likita ya hana a sayar sai da aka ƙara jira. Asarar ta cinye min ribar wata biyu, wannan kam na haɗiye.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ƙwan kwana huɗun farko. Dillalai sun riga sun kwashe. Sun shiga shaguna, sun shiga wainar ƙwai da Indomie, wataƙila wata uwa ta dafa wa yaronta ya tafi makaranta da shi. Ba ni da hanyar dawo da ko ƙwaya ɗaya. Kuma sa'a na yi da nikabazin ne, don shi yana tona kansa a ɓawo. Da oksitetrasaikilin ne ko tailosin, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan zai fita jawur lafiya lau, babu wanda zai kira ni, ni ma in ci gaba da abina. Sau nawa na yi haka a baya da abincin da aka sa wa irin waɗannan magunguna? Wannan tambayar ce ta hana ni barci, domin irin wannan ɗan guntun magani na kullum yana cikin abin da ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani a jikin mutane.

Yanzu tsarin aikina ya canja. Abincin masu ƙwai da na ƙarshen kiwon broila su ne farko da safe, mai magani shi ne na ƙarshe. In an gama mai magani, sai mu zuba buhu biyu na niƙaƙƙiyar masara zalla ta zagaya ta wanke injin, mu ɗura ta a buhu mai jan fenti, ba za ta shiga ko'ina ba sai wani haɗin mai irin wannan maganin. Sannan a kashe injin, a buɗe ƙofar ƙasa a share da buroshi. Ranar farko da na leƙa gindin miksa da fitila na ga garin da ya daskare a jikin ƙarfen, kaurinsa ya kai yatsa. Garin nikabazin yana manne wa ƙarfe sosai, kaɗa injin kawai ba ya fitar da shi. Kwanon awon magani daban, sharar ƙasa ba ta komawa cikin abinci, tsohon buhun da ban san me aka zuba a ciki ba kuwa ba na karɓa.

Masu dawaki ma na daina niƙa musu dusa a wannan injin, ko da kuwa gab da hawan sallah ne da suke zuwa da yawa. Likitan ya gaya min monensin, wani maganin kashin jinin da muke sa wa broila, kaɗan daga cikinsa yana kashe doki.

In aka ɗauke wuta muna tsakiyar aiki, da hannu muke kwashewa, ko dare ya yi. Yaran suna gunaguni, ina ƙara musu na shayi.

Hajiya ta yi wata huɗu ba ta taka wajena ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta dawo dai. Duk zuwan da za ta yi, kafin a loda mata buhu ɗaya sai ta ce, "Malam, me aka haɗa kafin nawa?" Sai in ɗauko littafin da nake rubuta kowane haɗi da lokacinsa, in buɗe mata shafin ranar ta karanta da kanta.