Wata tsohuwar masana'antar ƙarfe da na shiga a Jamus

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Saarbrücken zuwa Völklingen, tafiyar kamar minti goma ce, kana fitowa daga tasha abin yana tsaye a gabanka baƙi ƙirin, bututu kan bututu duk tsatsa ta cinye. Wallahi da farko na ɗauka wajen tara kayan gwangwan ne. Ashe masana'antar narka ƙarfe ce da aka kafa tun 1873, iyalan Röchling suka saye ta a 1881, tanderun farko ya kama wuta a 1883 har suka kai guda shida, ba a kashe wutar ba sai 1986. A 1994 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ba su yi mata kwalliya ba. Ba fenti mai sheƙi, ba a rushe rabi an gina kantuna ba, sun bar ta yadda ma'aikata suka tashi suka bar ta. Kuma ginin ai ba ado aka yi shi dominsa ba, duk abin da ka gani aiki ne ya ajiye shi a wurin. Sai da suka ba ni hular kwano sannan na hau benen ƙarfe zuwa inda ake zuba wa tanderu kaya ta sama, mita 27 daga ƙasa, ƙafafuna har rawa suke, can ne ƙananan tarago masu rataye a layin dogo suke kawo tama da gasasshen kwal su juye, narkakken ƙarfe kuma ya fita ta ƙasa.

Amma ɗakin injinan hura iska ne ya sa na yi shiru. Wato zugazugi ne fa, irin na maƙera, sai dai kowanne ya kai girman gida, kuma da iskar gas ɗin da tanderun ke fitarwa suke aiki, tanderu na ciyar da injin, injin na hura wa tanderu. Har yanzu ƙanshin baƙin mai bai bar ɗakin ba. Na daɗe a tsaye ina tuna mutum sama da 17,000 suna aiki a wannan kamfani a 1965, cikin zafi da ƙara da ƙura.

Ba su ɓoye abin kunyar ba kuma. Lokacin yaƙin duniya na biyu mutum sama da 12,000 aka sa aikin dole a nan, an kwaso su daga ƙasashe daban-daban, wasu a nan suka rasu, bayan yaƙin kotun Faransa ta yanke wa shugaban kamfanin, Hermann Röchling, hukunci. Da an rushe wurin da wannan labarin ma ya bi ɓaraguzai.

Adana irin wannan wuri ba sauƙi, don tunda wuta ta mutu ruwan sama da sanyi suke cin ƙarfen, kullum cikin gyara ake, a canja matakalar da ta ruɓe a ƙarfafa rufi, kuɗi ne ba kaɗan ba. Wani ɓangaren kuma, inda ake gasa kwal a da, sun ƙyale ciyawa da bishiyoyi sun mamaye shi da gangan.

A hanyar dawowa Dala nake ta tunani, inda tarihi ya nuna masu narka tama sun zauna tun kafin Kano ta zama birni, da tanderun Taruga, can wajen Abuja, na zamanin tsohuwar al'ummar Nok da suka haura shekara dubu biyu. Burkina Faso ta samu nata tsofaffin tanderun narka tama sun shiga jerin UNESCO a 2019. A ƙauyenmu akwai wani tudu cike da kashin maƙera, muna yara muna jifa da shi, kakana ya ce nan ake dafa tama a da. Zuwana na ƙarshe na tarar an kwashe rabinsa an cike ramin hanya, in Allah ya kai ni gida bana zan ɗauki hoton abin da ya rage.